Yadda ake shuka lalle a gida har ya yi fure

Mutane da yawa garin lalle kawai suka sani a leda, ba su taɓa ganin itacen ba balle su ji ƙamshin furensa. Ni kam lallen da ke bayan ɗakina ko ba don ƙunshi ba zan bar shi, saboda in ya fitar da fararen furannin nan ƙanana tsakar gida gaba ɗaya ƙamshi take yi musamman bayan magariba.

Da farko ki nemi reshe, ya fi iri sauƙi nesa ba kusa ba. Irin lalle ɓawonsa tauri gare shi, sai kin jiƙa shi kwana 3 zuwa 7 kina canza ruwa kullum kafin ya yarda ya tsiro. Reshe kuwa ki samu wanda ya ɗan ƙosa, kaurin fensir, tsawon kamar santimita 25, ki zage ganyen ƙasan ki bar biyu ko uku a sama.

Sai wuri. Lalle ɗan rana ne, kar ki kai shi ƙarƙashin darbejiya ki ce kina tausaya masa, zai yi tsawo siriri ba ganye ba fure. Ki haɗa ƙasa da yashi da kashin awaki wanda ya riga ya ruɓe, ki soka rabin reshen a ciki ki danna gefensa da hannu. In a bokiti ne ki huda gindin. Farkon damina, wajen Yuni ko Yuli, shi ne lokacin da ya fi kamawa.

Ban ruwa nan ne ake kashe shi wallahi. Makonnin farko ƙasa ta zama da danshi kawai, amma da zarar ya yi saiwa ya fara toho sai ki ja baya, ki tura yatsa in kin ji ta bushe sannan ki zuba. Nawa na farko haka na rasa shi, safe da yamma ina ta kwarara masa ruwan wanke-wanke ina ganin gata nake masa, ganye ya koma rawaya, da na tuge na tarar gindin ya yi baƙi ya ruɓe. Ita ma gara tana son sabon reshe, ki ɗan barbaɗa toka a kewaye, akuya kuma ki yi masa shinge.

Da hunturu zai iya zubar da wani ganyen, kar ki tsorata, zai dawo.

Sai aski. In kika ƙyale shi sai ya wuce katanga, rassan su tsufa su yi tsini kamar ƙaya, ganye ya ragu. Ki riƙa datse kan rassa don ya yi cunkus, kuma sabon tohon nan shi ya fi kama hannu ya yi ja sosai. Amma kar ki aske duka lokaci ɗaya, a bakin rassa fure yake fitowa, ni gefe ɗaya nake yanka na bar ɗayan.

Ganyen da kika tsinka ki shanya a inuwa, rana tana kashe masa ƙarfi. In ya bushe ƙayau ki daka ki tankaɗe, ki zuba a kwalba mai murfi, ranar ƙunshi ki kwaɓa da ruwan lemon tsami ki bar shi ya jiƙu tun safe.