Shawara ga 'yan uwa masu shagon aski

Ranar Alhamis da kasuwar Maigatari ke ci, benci kan cika, sai ka ga tsayawa goge kilifa da sifirit kamar ɓata lokaci ne. Wallahi amana ce. Makero da ciwon hanta duk suna iya bin kayan aski. Reza ɗaya kai ɗaya, kuma ka ɓare sabuwa a gaban mutum ya gani da idonsa. Ka tuna hadisin da Muslim ya ruwaito, wanda ya yi algus ba ya cikinmu.

In fetur ɗin janareto ya sa ka ƙara kuɗi, faɗa tun kafin ka ɗaura masa ƙyalle. Kuma don Allah kar a tsallake almajiri a layi saboda Alhaji ya shigo.