Kurakuran da aka fi yi wajen ajiye ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi a lokacin sanyi

Na gaji da ganin sababbin masu lambu suna halaka ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi da hannunsu, alhali so suke su sami ƙwaron da zai riƙa cinye musu fara da tsutsa. Kwanson nan mai kama da busasshiyar kumfa, wanda uwar ke liƙawa a jikin reshe, yana ɗauke da ƙwai masu rai, amma wasu sai su riƙe shi kamar ƙullin daddawa.

Kuskure mafi muni shi ne jefa kowane kwanso cikin firji don kawai an karanta haka a intanet. Masu ba da wannan shawara mutanen Amurka da Turai ne, kuma suna magana ne a kan irin nasu, kamar ɗan asalin ƙasar Sin, wanda ke yin ƙwai da kaka, iyayen su mutu da shigowar sanyi, ƙwan kuma ya yi barci har yanayi ya yi ɗumi. Irin wannan ne ake ajiyewa a wajen digiri 5 don kada ya ƙyanƙyashe kafin lokaci, kuma ko shi ba a kai shi firiza. Namu na Kaduna bai gaji wannan sanyi ba. Ni kaina na yi wannan wauta: na tsinto kwanso biyar a wani lambu da ke bakin Kogin Kaduna, na killace su a firji tun Disamba, kullum ana ɗauke wuta ana dawo da ita, su yi gumi su sake sanyi. Da na fito da su a Maris ko ɗaya bai fashe ba, alhali wanda na manta da shi a jikin itacen gwaiba ya cika mini tsakar gida da 'ya'ya. Haba jama'a, wanda hunturu bai kashe ba, me ya kai ku ba shi maganin hunturu?

Na biyu shi ne ƙulle kwanso a leda, inda babu iska, raɓa ta taru har ya yi funfuna. Wasu kuma su tsinko shi su bar shi a fili iskar hunturu ta busar da shi ƙayau. Abin da nake yi shi ne in yanko shi tare da reshensa, in rataye shi cikin kwalba a inuwa, in ɗaure bakinta da ƙyalle mai shara-shara, sannan bayan kwana uku-uku in ɗan jiƙa audugar da ke ƙasan kwalbar, ba kwanson ba.

Kada a kwantar da shi, domin 'ya'yan ta ƙasa suke zubowa idan sun fito. Kada a ajiye shi inda tururuwa ke bi. Idan kuma sun ƙyanƙyashe, a raba su cikin shuke-shuke a ranar, domin yunwa na sa su cinye junansu.