Maganin hana haki tsirowa a ciyawar ado: kurakuran da na gaji da gani

Duk shekara sai an kira ni in zo in duba filin ciyawar da aka yi wa feshi amma haki ya cinye shi. Kafin in ƙarasa shiga an fara zagin magani, wai jabu ne, wai an surka shi. In karɓi kwalbar in duba, magani lafiyarsa lau. Sai in tambayi ranar da aka fesa da abin da aka yi bayan feshin, nan take amsa ta fito. Shekaru ke nan ina kula da ciyawar ado, kuma kurakuran ba su canza ba, masu yin su ne kawai suke canzawa.

Mafarin matsalar shi ne mutane ba su san aikin maganin ba. Maganin riga-kafi, wato na hana haki tsirowa, ba ya kashe hakin da ya riga ya fito, ba ya ma kashe ƙwayar irin da ke kwance cikin ƙasa. Zama yake yi a saman ƙasa, cikin 'yan santimita na farko, yana jira. Da iri ya fashe ya turo saiwarsa ta farko ta taɓa maganin, sai saiwar ta daina girma, tsiron ya mutu tun kafin ido ya gan shi. Su pendimetalin da prodiyamin da ditiyopir duk haka suke aiki, suna hana ƙwayoyin halittar saiwa rabuwa. Wanda ya riƙe wannan ya tsira daga rabin abin da zan faɗa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jira sai an ga haki. Mutum ya leƙa fili ya ga harƙiya ta yi ganye huɗu, tuji ya baje kamar faranti, sannan ya ɗauko maganin hana tsiro. Wannan ihu ne bayan hari. Saiwar ta riga ta wuce inda maganin zai zauna, ko ka juye kwalbar duka ba abin da zai same ta. Ditiyopir, wanda ake sayarwa da sunan Dimension, shi ne yake ɗan kama harƙiya tana jaririya, kafin ta fara 'ya'ya a gindi, kuma ko shi ba na dogara da shi a kan haka.

To yaushe ake sawa? Ƙasa ake tambaya, ba kalanda ba. A wuraren da ake sanyi mai tsanani, harƙiya tana fara tsirowa idan ɗumin ƙasa ya kai maki 13 a ma'aunin Salshiyas ya tsaya haka na 'yan kwanaki a jere. Tuji yana biyo baya da 'yan makonni, don shi sai ƙasa ta ƙara ɗumi. Akwai kuma hakin da sai zafi ya fara sauka yake fitowa, idan ɗumin ƙasa ya yi ƙasa da maki 21, shi kuma lokacinsa daban. Ni ina da ɗan ma'aunin zafi mai tsinke, ina soka shi santimita 5 cikin ƙasa, kuma a gefen daɓe ko bakin hanya nake aunawa, domin nan ne ya fi saurin ɗaukar zafi, nan ne kuma haki yake fara leƙowa. Idan na ga an doshi maki 10 zuwa 11, na fara shiri. A wuraren da ƙasa ba ta yin sanyi kuwa, laima ce take tayar da iri, don haka magani ya riga ruwan farko na damina sauka. Filin da ake ba ruwa rani da damina a wuri mai zafi ba shi da hutu, iri yana tashi kowane wata, sai an riƙa lissafin ranar da ƙarfin magani zai ƙare.

Sai ruwa. Wannan yana ba ni haushi ƙwarai, domin ba ya cin komai sai ɗan lokaci. A fesa magani ko a watsa mai ƙwaya-ƙwaya, a naɗe kaya a tafi, a bar shi a kan ganye rana tana dukansa. Pendimetalin idan ya daɗe a fili, hasken rana yana lalata shi, wani kuma ya bi iska. Maganin da bai sauka ƙasa ba bai fara aiki ba. Yana buƙatar ruwa kimanin milimita 12, wato lita 12 a kowace murabba'in mita, ni kuma ba na bari ya kwana biyu ban ba shi ba. Ina jera gwangwanaye huɗu ko biyar a filin, in kunna ruwa, in riƙa aunawa da rula har ruwan cikinsu ya kai. Kada kuma a ce tunda ruwa ake so bari a fesa ana hadari. Ruwa mai ƙarfi yana kwashe magani tare da ƙasar da ya manne mata ya kai kwata da tafki, alhali pendimetalin da prodiyamin guba ne ga kifi.

Yanzu ga kuskuren da ya ci mini kuɗi da mutunci, wanda har yau idan na tuna raina yake ɓaci.

A farkon shigata wannan aiki an ba ni wani babban fili in mai da shi ciyawar ado. Na share, na baje ƙasa, na ga irin hakin da na kwashe, sai na ce bari in yi dabara: in sa maganin riga-kafi tukuna, ƙasa ta yi tsaf, sannan in shuka. Na fesa pendimetalin, na ba shi ruwa yadda ya kamata, bayan mako biyu na watsa irin ƙiri-ƙiri. Safe da yamma ina ban ruwa. Mako biyu shiru, mako uku shiru, sai ɗan tsiro nan da can da ya leƙo ya yi ja ya bushe. Na koma wurin wanda ya sayar mini da iri na yi masa faɗa, na ce mataccen iri ya ba ni. Bawan Allah bai ce komai ba, ya ɗebi kaɗan daga ragowar ya zuba a jiƙaƙƙen tsumma ya ce in dawo bayan kwana goma. Da na dawo tsumman ya yi kore shar. Na koma filin na durƙusa na tono tsiron da ya rage, na ɗora a tafin hannu. Saiwar ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, bakinta ya kumbura kamar kan ashana, babu gashi ko ɗaya. Ni da hannuna na kashe shukata.

Maigidan ya tsaya a bakin filin ya ce, "Malam, wata guda ke nan ina biyan kuɗin ruwa, ina ciyawar?" Na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne, a ba ni lokaci." Na nemi gafarar mai iri, na sayi wani irin da kuɗina, na jira watanni kafin ƙasar ta karɓi shuka.

Don Allah a ji wannan da kyau: magani bai san irinka ba, bai san na haki ba. Duk abin da ya fashe ya turo saiwa abokin gabarsa ne. Amma har gobe sai ka ga mutum ya sa maganin riga-kafi yau, jibi ya ga wani wuri ya yi sanƙo ya watsa iri a kai, ya dawo yana cewa ƙasarsa ba ta da kyau. Masu dasa jijiya ko shimfiɗa ciyawa mai haɗe da ƙasa su ma ba su tsira ba. Ƙiri-ƙiri yaɗo take yi, kowace gaɓa ta kafa saiwa. Idan maganin yana wurin, za ka ga yaɗon ya miƙe a saman ƙasa amma bai kama ba, ka sa yatsa ka ɗaga shi kamar igiya. Kowace takardar magani ta rubuta tsawon lokacin da za a jira kafin shuka, galibi watanni ne, kuma prodiyamin, wanda aka sani da Barricade, yana cikin masu daɗewa. Wa yake karantawa? Sai a yage takardar a jefar tun a bakin shago.

Abin da nake yi tun daga wancan lokaci guda biyu ne. Sabuwar ciyawa ba ta ganin maganin riga-kafi a hannuna sai na yanke ta aƙalla sau huɗu, kuma na damƙi ganye na ja na ji ƙasa ta riƙe. Idan kuma zan shuka a wurin da aka taɓa fesawa, ko da an ce mini lokaci ya cika, sai na ɗebi ƙasar wurin a tukunya ɗaya, ƙasar da ba a fesa ba a wata tukunyar, in shuka iri ɗaya a cikinsu. Bayan mako biyu in tuge in gwada saiwoyin. Wasu abokan aiki suna cewa ɓata lokaci ne. Su ba su durƙusa a wancan filin ba. Ga wanda dole sai ya dasa jijiyar ƙiri-ƙiri kuma haki ya dame shi, akwai oksadiyazon, wato Ronstar, wanda ba ta saiwa yake kamawa ba, ta kan tsiro yake ƙonawa, kuma yana da kyau a kan tuji. Ko shi a duba takarda, domin ba kowace ciyawa ko kowane irin fili aka yarda a sa shi ba.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne awo da ido. "Murfi nawa ake zubawa a tanki?" Ita ce tambayar da aka fi yi mini, kuma ba ta da amsa. Ba da tanki ake auna wannan magani ba, da faɗin ƙasa ake auna shi. Mai sauri da mai nawa za su ɗauki tanki iri ɗaya, ɗaya ya rufe fili ninki biyu na ɗayan. Ka auna mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, ka cika tankin da ruwa zalla, ka fesa wurin da irin tafiyarka ta kullum, ka ga abin da ya ragu. A ce lita 4 ta tafi. Ke nan tanki mai lita 16 zai rufe murabba'in mita 400, kashi ɗaya cikin 25 na hekta. Idan takardar ta ce, a misali, lita biyu da rabi a hekta, mililita 100 ce rabon tankinka. Ƙarin da kake yi "don ya kama sosai" ciyawarka yake kamawa: saiwa ta gajarce, zafi kaɗan ta yi yaushi, ta yi sirara, haki ya samu ƙofa. Ni raba adadin nake yi biyu, rabi yanzu, rabi bayan mako shida zuwa takwas, don kada ƙarfinsa ya ƙare alhali iri yana kan tashi. Kowane rabin kuma ina sake raba shi in bi filin sau biyu, a tsaye da a kwance, saboda layin da ƙafa ta tsallake shi ne za ka gani ya yi kore da harƙiya kamar an ja shi da igiya.

Wani abin da ke sa a zagi magani ba laifinsa shi ne rashin sanin abokin faɗa. Aya-aya daga 'ya'yanta na cikin ƙasa take tasowa, tofa daga jijiya. Wanda ya fesa musu pendimetalin yana jiran su mutu zai daɗe yana jira. Haka kuma yawancin waɗannan magunguna sun fi ƙarfi a kan haki mai siririn ganye. Idan mai faɗin ganye ne ya addabe ka, isoksaben aka yi dominsa. Ka tuge hakin bara ka san sunansa kafin ka sayi komai. Atrazin kuwa, wanda mutane suka saba da shi a gonar masara, kada a kawo shi filin ado don an ga yana da sauƙin samu: wasu nau'o'in ciyawa ne kaɗai suke jure shi, kuma yana zurarewa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da shi.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata aiki. A share busasshen ganye da tarkacen yanka kafin feshi, in ba haka ba su za su shanye maganin. Kada a haƙa rami ko a juya ƙasa bayan an sa, duk inda aka tona an buɗe ƙofa. Tankin da aka taɓa zuba gilifoset, maganin da ke kashe haki da ciyawa baki ɗaya, kada ya kusanci ciyawar ado, ni nawa biyu ne, na shafa wa ɗaya jan fenti. A riƙa girgiza tanki, domin maganin yana kwanciya. Pendimetalin yana rina daɓe da bango da takalmi rawaya, ƙwayar da ta faɗa kan siminti a share ta ta koma cikin ciyawa kafin a kunna ruwa. Safar hannu da dogon wando da takalmin roba ba kwalliya ba ne, yara da dabbobi kuma su jira sai an ba da ruwa fili ya bushe. Kada a nace wa magani ɗaya shekara da shekaru: tun shekarun 1970 aka samu tujin da ya daina jin dangin su pendimetalin a gonakin auduga na Amurka, kuma sauya kwalba ba sauya magani ba ne, prodiyamin da pendimetalin gida ɗaya suka fito.

Akwai kuma masu aske ciyawa har ƙasa don kada su dawo yanka da wuri. Irin harƙiya haske yake so kafin ya tashi, duk wanda ya yi wa filinsa ƙwal-kwabo ya kunna masa fitila. Ba na cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka ɗaya. Filayen da na riƙe a haka suka yi kauri, a shekara ta uku gefen daɓe da wuraren da ƙafa ta tattake kawai nake bi da magani, tsakiyar kuwa na bar ta.