Yadda Ake Daidaita Mota Mai Ɗaki a Filin Zango

A Turai da Amurka masu yawon shaƙatawa kan yi tafiya da mota mai ɗaki, wadda ke ɗauke da gado da madafa da banɗaki, su kwana a filayen zango da aka tanada. Idan motar ta karkace, ruwan wanka yakan taru a kusurwa ya ƙi bin magudana, ƙofofi su riƙa buɗe kansu, mai barci kuma ya wayi gari da ciwon kai. Babbar matsalar dai tana ga firij mai aiki da gas, wanda ruwan amoniya ke zagayawa cikin bututunsa ta hanyar gangarowa, ba tare da famfo ba. In ya yi awanni yana aiki a karkace ruwan yakan tsaya, bututun ya yi zafi har ya toshe, gyaransa kuwa sau da yawa sai dai a sauya. Don haka kada karkatar ta wuce kimanin digiri 3.

Kafin ka shigar da motar, sauko ka taka filin da ƙafarka, domin rabin aikin yana ga zaɓen wuri. Dubi inda ƙasa ta gangara, da inda ciyawa ta jiƙe har taya za ta iya nutsewa, da rassan da za su goge rufi. Ka lura da nisan wurin jona wuta, da kuma ɓangaren da ƙofarka za ta fuskanta. A yawancin zangunan Birtaniya ana buƙatar tazarar mita 6 tsakanin mota da mota saboda gobara, kuma masu kula da wurin ba sa wasa da wannan.

Da ka tsaya, ɗora ma'aunin magina mai kumfa a kan daɓen motar kusa da tsakiya, ka gwada shi daga gefe zuwa gefe, sannan daga gaba zuwa baya. Kumfar tana gudu ne zuwa ɓangaren da ya fi tudu, saboda haka ɗaya ɓangaren ne za a ɗaga. Wanda ba shi da ma'auni, faranti mai ruwa ko manhajar waya ya wadatar. A irin faɗin waɗannan motoci, kowane digiri ɗaya na karkata ta gefe yana buƙatar ɗagawar kusan santimita 3.

Fara da gyaran gefe. Ajiye matakan roba masu hawa-hawa, irin na kamfanin Fiamma ko Milenco, a gaban tayoyin ɓangaren da ya yi ƙasa, su saitu da tsakiyar taya sosai, domin tayar da rabinta ke lilo a iska tana lalacewa. In ƙasar tana da laushi, shimfiɗa katako mai faɗi a ƙarƙashinsu. Sa giya ta ɗaya ka hau a hankali, abokin tafiyarka yana tsaye inda kake ganinsa, yana ba ka alama da hannu. Gara ka tsaya da wuri ka ƙara kaɗan, a kan ka zarce tayar ta faɗo ta ɗaya gefen, matakin ya daki ƙasan motar. Yawancin motocin da aka gina a kan mota ƙirar Fiat Ducato gabansu yakan ɗan sunkuya, don haka tayoyin gaba ne aka fi ɗorawa.

Idan kumfa ta zauna tsakanin layukanta, ja burkin hannu kafin ka ɗage ƙafa daga burki, ka bar motar cikin giya, sannan ka sa weji a tayoyin da ke ƙasa, kamar dai yadda yaron mota ke yi wa babbar mota a kan gangara. Mai jak na haidirolik kada ya kuskura ya raba tayoyin baya da ƙasa, domin su burkin hannu ke riƙewa. Ƙananan ƙafafun da ke kusurwar baya kuwa na hana girgiza ne kawai, ba su ɗaukar nauyin mota.

Sake aunawa bayan kowa ya shiga, tunda nauyin mutane da cikakken tankin ruwa suna sauya zaman motar. Sai bayan nan ne za ka jona wuta, ka buɗe gas, ka warware rumfa, domin in ka riga ka yi waɗannan kuma motar ta buƙaci matsawa, dole ka kwance su duka ka sake daga farko.