Yadda ake gina fadama mai camfi a wasan bidiyo na binciken kisan kai

Kafin ka buɗe injin wasa, wato manhajar gina wasan bidiyo irin su Unity ko Godot ko Unreal, ɗauki takarda ka rubuta ainihin abin da ya faru: wa ya yi kisan, da me, ƙarfe nawa, ta ina ya bi ya koma gida. Sai ka ɗora camfin mutanen garin a kai, kowane camfi ya zama mafakar da makashin ya laɓe a bayanta. In sun yarda cewa duk wanda ya shiga fadama bayan faɗuwar rana ba ya dawowa, ka ba makashin sa'o'in da ba mai ganinsa ke nan. In suna cewa hasken da ke yawo bisa ruwa fatalwa ce, to ya zama fitilar kwalekwalensa. Camfi uku ko huɗu sun wadatar. Da sun yi yawa, ɗan wasa zai ɗauke su ado, ya daina bin diddiginsu.

Irin ruwan shi ke yanke makomar gawa. A ruwa mai ɗumi takan nutse, iskar ruɓa ta kumbura ta, ta taso cikin 'yan kwanaki. Dole makashi ya ɗaura mata nauyi, igiyar da irin ƙullin su zama hujja. Fadama mai sanyi da ruwa mai tsami, irin ta arewacin Turai, akasin haka take: ƙarancin iskar oksijin yana adana fata da gashi. A 1950 masu haƙa a fadamar Tollund ta ƙasar Denmak suka tono wani mutum da igiya a wuya, suka kira 'yan sanda suna zaton sabon kisa ne, ashe ya haura shekara 2,000 da mutuwa. Tsohuwar gawa irin wannan za ta ɓatar da mai bincike ba tare da ka yi masa ha'inci ba.

Sawu a laka na da tarko. Sawun da yake hujja ka kafa shi dindindin, da wata alama tasa, kamar dunduniyar takalmi da ta cinye ta gefe guda. Na ɗan wasa kuwa ya shafe cikin daƙiƙa 20 zuwa 30, in ba haka ba zai yi ta bin sawun kansa yana zagaye.

Hazo ya bar ɗan wasa ya hangi mita 30 zuwa 40. Yi amfani da hazon da injin ya zo da shi, kada ka jera faifan hayaƙi masu shara-shara, domin kowanne yana sa a sake zana wuri ɗaya, ga shi hoto 60 a daƙiƙa na nufin lokacin zana kowane hoto bai kai milisakan 17 ba (milisakan kashi ɗaya ne bisa dubu na daƙiƙa). Ka tsayar da abin da ya fi hazon tsawo, busasshiyar bishiya ko hasumiya, don ya san inda ya dosa. Tafiya cikin taɓo kada ka rage mata fiye da kashi ɗaya bisa uku na sauri: bincike kai-komo ne, jan ƙafa kuma yana gundura tun a zuwa na uku.

Sauti ya fi komai arha, kuma ya fi tayar da tsigar jiki. Kukan kwaɗi da gyare su zama gutsattsari da yawa masu fita ba bisa jeri ba, don kunne yana saurin gane maimaici. Sai ka sa su yi tsit duk inda mutum ya ɓoye a cikin mita 10. Mutanen gari su ce aljani ne ke wucewa, mai lura ya gane akwai wani a cikin ciyawa.

Kowace gaskiya da kake so a gano, ba ta hanya uku: abin da aka tsinta, maganar shaida, da saɓani tsakanin maganar mutum biyu. Sannan ka ba mutum biyar su gwada, ka tsayar da su a tsakiya ka tambaye su wa suke zargi. In duka sun kama sunan makashin, rage hujja ɗaya. In duka sun ce fatalwa ce, matso da alamar fitilar nan kusa da farkon wasan.