Kurakuran da masu haɗa manhajar girki ke yawan yi a Legas, da yadda ake gyara su

Yawancin manhajojin girki a zaune ake gwada su, hannu a bushe, waya cike da caji. Wadda za ta yi amfani da ita kuwa tana tsaye ne a kicin, a Agege ko Idi-Araba, hannu duk ƙullu, tukunya na tafasa. Daga wannan bambanci mafi yawan kurakuran suke fitowa.

Babba daga cikinsu shi ne awo. Sai ka ga an rubuta "shinkafa giram 500" alhali gidaje kaɗan ne ke da sikeli, ko a rubuta "mudu ɗaya" kamar kowa a Kano yake cefane. A kasuwannin Legas, irin su Mile 12, da derika (gwangwanin tumatir) da robar fenti ake auna hatsi, kuma shi kansa mudun ba girmansa ɗaya ba daga gari zuwa gari. Gyaran yana can cikin rumbun bayanai: a ajiye kowane kayan haɗi da giram ko mililita, sannan mai girki ta zaɓi ma'aunin da za a nuna mata, derika ne, gwangwanin madara ne ko cokali. Kada a yi amfani da lissafi ɗaya ga komai. Derikar wake da derikar garin masara ba nauyinsu ɗaya ba, don haka sai an ɗauki sikeli an auna kowanne daban.

Maɓallin ƙara yawan masu ci ma yana da tarko. Idan an mayar da girkin mutum 4 na mutum 12, shinkafa da nama sun ninka uku lafiya lau. Kanwa, gishiri da yis ba haka suke ba. Kanwa ta yi yawa a ɗanwake sai ɗaci da canza launi. A ware irin waɗannan, manhajar ta ce a fara da kaɗan a ɗanɗana. Lokacin dahuwa kuma kada a ninka shi sam.

Sai sunaye. Mai tebur a kasuwa Bayarabiya ce sau da yawa, jerin cefane kuma da Hausa zalla aka rubuta shi. A sa sunan Yarabanci kusa da na Hausa: daddawa iru, attaruhu ata rodo, kuɓewa ila, lalo ewedu, manja epo pupa. Yaron da aka aika ma ya huta. Akwatin bincike shi ma dole ya san cewa mutane da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ a madannin wayarsu. Wanda ya rubuta "danwake" ko "dan wake" ya kamata ya samu ɗanwake, "waina" kuma ta kawo girkin "masa". Ana cire ƙugiyar baƙaƙen da tazara kafin a kwatanta kalmomi, a ƙara da jerin sunaye masu ma'ana ɗaya.

Allo ya mutu ana tsakiyar tuƙa tuwo, wannan ba uzuri, don Android na ba manhaja damar hana allo mutuwa muddin shafin girki na buɗe. Maɓalli kada ya gaza 48dp (dp ma'aunin girma ne a allon Android), girman da Google ya ba da shawara, rubutu kuma 16sp (ma'aunin girman rubutu) ko fiye, baƙi a kan fari, ba toka-toka a kan hoton abinci ba. Mataki ɗaya a allo ɗaya, tare da adadin kayan a cikin matakin kansa: "zuba garin kuka cokali 3", ba "zuba kuka" da zai sa a koma sama da jiƙaƙƙen yatsa ba.

"A dafa minti 20" bai isa ba, domin wutar gas, risho da gawayi ba ƙarfinsu ɗaya ba. A haɗa minti da alama: har man ya taso saman miya, har ƙullun ya kumbura yana ƙwai-ƙwai. Ƙullun masa a zafin Legas ya fi saurin tashi a kan na lokacin hunturu a Arewa. Abin da ke bukatar shiri tun jiya, kamar jiƙa shinkafar masa, a faɗe shi a saman shafi, ba a mataki na huɗu ba. Agogon ƙidaya kuma a ɗora shi kan ƙararrawa da sanarwar waya, don tsarin adana batir na wayoyi irin su Tecno, Infinix da Itel yakan rufe manhajar da aka bari a baya, agogon ya tafi da ita.

Tilasta rajista kafin a ga girki ko ɗaya, da tallan da ke rufe allo a tsakiyar mataki, a cire su kawai.

Data kuɗi ce. Bidiyo kada ya kunna kansa, a rubuta girmansa kafin a taɓa. Hotuna a matse su zuwa WebP, tsarin hoto mara nauyi, a sauke su sai an gangaro wurinsu. Duk girkin da aka buɗe sau ɗaya ya zauna a cikin waya, rubutu da hoto da jerin cefane, domin a cikin rumfunan kasuwa da kicin ɗin bayan gida sabis yakan ɗauke.