Darasi na 7: Kaurin Ruwa da Tsawon Sarƙar Roba

Leda, kwalbar roba, zaren nailan da bututun ruwa na PVC duk dangi ɗaya ne. Masana kimiyya suna kiransu polima. Ƙwayar polima doguwa ce kamar sarƙa: ƙaramin gutsure ɗaya ake ta maimaitawa, kowane yana riƙe da na gabansa, har a samu dubbai a jere. Gutsuren da ake yin leda da shi sunansa etilin, nauyinsa kuma 28 a ma'aunin masana. Idan guda 10,000 suka haɗu, nauyin sarƙar ya kai 280,000. Ƙwayar ruwa, domin ku kwatanta, nauyinta 18 ne kacal. Saboda haka idan aka ce "nauyin ƙwaya" a wannan darasi, tsawon sarƙa ake nufi.

Masana'anta tana bukatar sanin wannan tsawo. Robar da sarƙarta ta gajarce tana saurin karyewa. Wadda sarƙarta ta yi tsawo tana da ƙwari, amma tana wahalar da inji wajen zubi. To, ido ba ya ganin sarƙar, sikeli kuma ba ya auna ƙwaya ɗaya. Dabarar ita ce a narkar da ɗan polima a ruwan da ke iya narkar da shi, a ga yadda ruwan ya yi kauri.

Me ya sa tsawo ke kawo kauri?

Ku ɗauki zare kamu ashirin, ku yayyanka shi gutsu-gutsu, ku zuba a bokitin ruwa, ku juya da sanda. Sandar za ta wuce ba tare da wata wahala ba. Yanzu ku jefa wani zaren kamu ashirin ba tare da yankawa ba. Zai cukurkuɗe, ya bazu, ya riƙa jan sandar. Nauyin zaren bai canza ba, tsawonsa ne ya bambanta.

Haka sarƙar polima take yi. A cikin ruwa ba ta miƙewa sambal. Tana naɗewa ta zama dunƙule sako-sako, ruwa ya cika tsakaninta, dunƙulen kuma ya riƙa tafiya da ruwan da ya maƙale a cikinsa. Tun a 1906 Albert Einstein ya nuna cewa kaurin ruwan da ke ɗauke da ƙananan dunƙule ya danganta da yawan filin da dunƙulen suka mamaye. Doguwar sarƙa tana mamaye fili mai yawa ƙwarai idan aka kwatanta da nauyinta. Shi ya sa giram ɗaya na doguwar sarƙa ya fi giram ɗaya na gajeriya kauranta ruwa nesa ba kusa ba.

Wanda ya fara kafa wannan magana da ƙarfi shi ne Hermann Staudinger, masanin sinadarai ɗan Jamus. A 1920 ya ce roba dogayen sarƙoƙi ne, abokan aikinsa da yawa suka ƙi yarda. Wajen 1930 ya kawo kaurin ruwa a matsayin hanyar auna tsawonsu. An ba shi kyautar Nobel a 1953.

Yadda ake gwajin

Kayan aikin ba su da yawa: bututun gilashi mai lanƙwasa wanda ke da wata siririyar hanya a tsakiya, da agogon ƙidaya daƙiƙa, da kwamin ruwa mai zafi tsayayye. Bututun da aka fi sani su ne na Ostwald da na Ubbelohde. A jikin gilashin akwai layi biyu. Ana tsotso ruwa ya haye layin sama, a sake shi, a ƙidaya daƙiƙoƙin da ya ɗauka kafin ya sauko layin ƙasa.

Da farko ana gwada ruwan narkarwa zalla. A ce ya ɗauki daƙiƙa 100. Sai a narkar da rabin giram na polima a mililita 100 na ruwan, a sake gwadawa. A ce wannan karon daƙiƙa 150 ne. Ku raba 150 da 100, za ku samu 1.5. Ku cire 1, saura 0.5. Wannan 0.5 shi ne ƙarin kaurin da polima ya jawo. Ku raba shi da yawan polima da aka zuba, wato 0.5, za ku samu 1.0.

Nan ne mai gaggawa yake tuntuɓe, domin 1.0 ɗin ba shi ne amsar ƙarshe ba. Ko a ruwa mai tsarari, dunƙulen suna gogar juna, gogayyar kuma tana ƙara kauri. Abin da muke nema shi ne aikin sarƙa ɗaya tilo, ba tare da maƙwabta ba. Don haka ana ƙara ruwa a tsarara haɗin, a sake gwaji sau uku ko huɗu, a ɗiga sakamakon a takardar giraf, a ja layi har inda polima zai zama kamar babu. Lambar da layin ya nuna a can ita ce kaurin asali.

Daga kauri zuwa nauyi

Staudinger ya ɗauka cewa idan tsawo ya ninka biyu, kaurin asali ma zai ninka biyu. Bai yi daidai sosai ba. Herman Mark da Roelof Houwink da Ichiro Sakurada sun gyara lissafin, ya zama haka:

[η] = K × M^a

Alamar [η] ita ce kaurin asali, M nauyin ƙwaya. K da a lambobi ne da ake dubawa a jadawali. Ga sarƙoƙi masu laushi, a yakan faɗa tsakanin 0.5 da 0.8. Idan ruwan ya dace da polima sosai, dunƙulen yana kumbura, a ya doshi 0.8. Idan bai dace ba sosai, dunƙulen ya takure, a ya sauko wajen 0.5. Idan a ya kasance 0.5, ninka tsawo sau biyu yana ƙara kaurin asali sau 1.4 ne kawai. Idan 0.7 ne, kusan sau 1.6.

Ku lura da kyau: K da a na polima ɗaya ne, a ruwa ɗaya, a zafi ɗaya. Wanda ya ɗauko lambobin wani ruwa ya yi lissafi da su, zai samu amsa mai kyan gani amma ta banza. Zafi ma haka: ruwa yana tsinkewa idan ya ɗumama, shi ya sa ake tsayar da kwamin a wuri ɗaya, galibi digiri 25 ko 30. Sannan amsar matsakaici ce, domin a kowace roba akwai gajerun sarƙoƙi da dogaye a gauraye. Wasu ruwan narkarwar kuma guba ne, ba a tsotsarsu da baki, da ƙwallon roba ake jawo su.

Masu yin kwalbar PET, wato irin robar kwalbar ruwan sha, da lambar kaurin asali suke ciniki. Robar kwalba takan kasance wajen 0.8, ta zaren tufafi wajen 0.6. Idan aka narka tsohuwar kwalba a inji ba a busar da ita sosai ba, damshin yana tsinka sarƙoƙin, lambar ta faɗi, sabon kayan ya fito ba ƙwari. A narkakkiyar roba kuwa, inda babu ruwan da zai raba sarƙoƙi, abin ya fi tsanani: da zarar sun kai tsawon da suke sarƙewa da juna, ninka tsawo sau biyu yana ninka kauri kusan sau goma.

Aiki

Ruwan narkarwa ya ɗauki daƙiƙa 80. Haɗin da ke da rabin giram a mililita 100 ya ɗauki daƙiƙa 104. Ku nemo ƙarin kaurin, sannan ku raba shi da yawan polima. Bayan haka ku tattauna da na kusa da ku: an gwada roba biyu iri ɗaya a ruwa ɗaya, ta farko ta ba da kaurin asali 0.6, ta biyu 0.9. Wace ce ta fi doguwar sarƙa, kuma wace ce za ta fi wahalar da inji?